SHARHI: Ana ganin tasowar hunturu kafin ya iso Kaduna, amma wa ke aiki da hasashen?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Kawo da sassafe a tsakiyar watan Disamba ya san yadda hunturu ke shigowa Kaduna. Rana takan fito fara fat kamar faranti, har mutum ya iya kallonta ido da ido. Motocin da suka taso daga Kano da Zariya sukan shigo gari da fitilu a kunne har bayan ƙarfe takwas. Masu Keke Napep sun naɗe fuska da rawani ko takunkumi, teburin mai shayi ya cika maƙil, 'yan makaranta kuma na tafe a takure, ƙafafu furu-furu, leɓɓa a tsattsage.

A daidai wannan lokaci ne kafafen yaɗa labarai na duniya ke cika da gargaɗin dusar ƙanƙara a Turai da Amurka: iska mai ƙarfi, tituna masu santsi, makarantu a rufe. Matasan Unguwar Rimi da Badarawa na kallon hotunan a wayoyinsu, wasu har da sha'awa. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kaduna, amma garin na da nasa lokacin sanyi mai iska da duhu, kuma shi ma ana hasashensa. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da sanarwa a kai a kai daga Nuwamba zuwa Maris cewa hazo mai kauri na tafe, cewa ganin nesa zai ragu zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka a jihohin Arewa, cewa masu asma su yi hattara, direbobi su rage gudu, kamfanonin jiragen sama kuma su tuntuɓi ofisoshinta kafin su tashi.

Bambancin da ke tsakanin gargaɗin can da na nan shi ne abin da ke biyo baya. A Birtaniya, hukumar yanayi na raba gargaɗinta launi uku, ruwan ɗorawa da ruwan goro da ja, kuma kowane launi na tayar da wani ma'aikaci daga kujerarsa. Motocin ƙananan hukumomi na fita cikin dare suna watsa gishiri a kan tituna don kada ƙanƙara ta daskare. Ana buɗe wuraren kwana na gaggawa ga masu kwana a titi. A Ingila da Wales, idan sanyi ya tsaya a digiri sifiri ko ƙasa da haka har kwana bakwai a jere tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris, masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin tsarin tallafi na samun fam 25 a asusunsu ba tare da sun rubuta takardar roƙo ba. A Kaduna kuwa, sanarwar NiMet kan fito a jarida, a karanta ta a labaran rana, a nan kuma ta ƙare. Da wuya a nuna ofishi ɗaya a jihar da sanarwar ke tilasta masa yin wani takamaiman aiki kafin gari ya waye.

Ƙurar da ake ganin tasowarta

Hunturu ba baƙon da ke zuwa ba sallama ba ne. Idan damina ta ja jiki, layin da iskar teku mai damshi ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara yakan koma kudu, sai iskar arewa maso gabas ta mamaye ƙasar Hausa. Babban kaso na ƙurar da take ɗauke da ita daga wuri ɗaya yake tasowa, wato kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kusa da garin Faya-Largeau, fiye da kilomita 1,200 daga Kaduna. Dubban shekaru da suka wuce wannan kwari ƙasan wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, ya bar farin gari mai laushi na ɓawon ƙananan halittun ruwa. Duwatsun Tibesti da na Ennedi sun sa kwarin a tsakiya, iska na matsewa a tsakaninsu kamar ruwa a mazurari, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hakan na faruwa kusan kwana 100 a shekara, kuma suna ɗaukar Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Wani ɓangare nata na ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon.

Abin da ya shafi Kaduna a cikin wannan bayani shi ne lokaci. Ƙurar da ta tashi a Bodele na ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe Maiduguri da Kano da Kaduna, kuma tauraron ɗan'adam na ganin tashinta tun daga sa'ar farko. Tun kafin zamanin tauraron ma, masana yanayi a Kano sun saba dubawa rahoton iska daga Faya-Largeau su san abin da zai same su gobe. Yau akwai cibiya a birnin Barcelona na ƙasar Sifen da ke aiki ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana wallafa hasashen ƙura na kwanaki masu zuwa kyauta a intanet. A Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET masu irin wannan aiki ga Afirka da yankin Sahel. Burkina Faso, wadda ba ta kai Najeriya arziki ba, ta fara amfani da taswirar gargaɗin ƙura mai launuka ga yankunanta tun 2018.

Ke nan sanin abin da zai faru ba shi ne matsalar ba. Kwana ɗaya ko biyu ya ishi shugaban makaranta ya sanar da iyaye, ya ishi asibiti ya duba tukwanen iskar numfashi, ya ishi hukumar kashe gobara ta cika tankokinta.

Inda sahihin bayani bai isa ga jama'a ba kuma, jita-jita ce ke cike gurbin. A watan Maris na 2010, lokacin da wata ƙura mai kauri ta rufe ƙasar har Legas a ƙarshen rani, saƙon tes ya zagaya cewa ruwan sama mai guba na tafe, mutane da dama suka tsorata. Lokacin babu WhatsApp a hannun kowa ma ke nan.

Hasashe don masu jirgi

Akwai dalili na tarihi da ya sa gargaɗin hazo ya fi kama da saƙo ga matuƙa jirgin sama. NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama, kuma wani kaso na kuɗin shigarta daga harajin tikitin jirgi yake fitowa. Ma'aunin da ta fi bayar da shi a lokacin hunturu, wato nisan da ido ke iya gani, ma'aunin sauka da tashin jirgi ne. Kuma ba a raina wannan aiki. A ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas, aka karkatar da shi zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka cikin iska mai ƙarfi, mutum 176 suka rasu. A Fabrairun 2020 hazo ya sa manyan jiragen ƙasashen waje da suka nufo Legas sauka a Accra, fasinjoji suka yi kwanaki a can, gwamnati ta sha suka kan na'urorin saukar jirgi. Filin jirgin Kaduna kansa ya samu gyara da sababbin na'urori ne a 2017, lokacin da aka rufe na Abuja na mako shida daga 8 ga Maris, aka mayar da manyan mutane suna sauka a nan.

A watan Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet sun shiga yajin aiki kan albashi da walwala. Kamfanin Air Peace ya dakatar da zirga-zirgarsa saboda babu rahoton yanayi, kuma cikin 'yan kwanaki Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya zauna da ƙungiyoyin ma'aikata aka janye yajin aikin. Wannan ya nuna wanda rashin hasashe ke yi wa ciwo har gwamnati ta ji. Mai gadin da ke kwana a bakin shago a titin Ahmadu Bello bai san an yi yajin aikin ba, domin ko lokacin da ake aiki saƙon ba ya zuwa gare shi.

Adalci ne a faɗi cewa NiMet ta yi ƙoƙari a 'yan shekarun nan. Tana fitar da hasashen shekara a farkon kowace shekara, tana fassara shi zuwa Hausa da wasu harsuna, tana kuma bayar da gargaɗi kan wuraren da yanayi ya dace da ɓarkewar sanƙarau. Sai dai hukumar tarayya ba ta da ikon sauya lokacin shiga aji a makarantar firamare ta Unguwar Shanu, ba ta da motar kashe gobara, ba ta da asibiti. Waɗannan na hannun Gidan Sir Kashim Ibrahim da sakatariyar Magajin Gari.

Masu biyan kuɗin sanyi

Mai karatu na iya cewa sanyin Kaduna bai kai a kira shi bala'i ba. A dare mafi sanyi ma'auni kan sauko ne zuwa digiri 13 ko 14, da rana kuma ya haura 30. Mutumin Moscow zai kira wannan bazara. Amma sanyi ba a lambar ma'auni kaɗai ake auna shi ba. Gidajen Rigasa da Hayin Banki da Rafin Guza an gina su ne don korar zafi: rufin kwano babu silin, tagogi marasa gilashi, siminti tsirara a ƙasa. Digiri 13 da iska mai kaɗawa, a jikin yaron da ke kwance kan buhu a zaure ba bargo, cikinsa kuma babu abinci, wani abu ne daban.

Rigar sanyi ma ta zama abin lissafi. 'Yan gwanjo na Kasuwar Barci, wadda gwamnatin Nasir El-Rufai ta rushe a Maris na 2020 don sake gina ta, daga waje dilar kayansu ke zuwa, da dala ake sayenta. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, magidanci mai 'ya'ya shida kan tsaya ya zaɓi waɗanda za su samu suwaita bana da waɗanda za su gaji ta yayyensu.

Sai kuma abin da ake shaƙa. Ƙurar hunturu na ɗauke da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda masana ke kira PM10 da PM2.5, kuma na biyun na wuce gashin hanci da maƙogwaro su shige can cikin huhu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce kada matsakaicin PM2.5 na yini guda ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita mai kusurwa ta iska, PM10 kuma kada ya wuce 45. Ranar da mutum ba ya iya hango ƙarshen titi, an ninka wannan ƙa'ida sau da yawa. Kuma ba duka laifin Chadi ba ne. Da asuba iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama kamar murfin tukunya, sai duk hayaƙin da gari ya fitar ya tsaya a daidai tsayin hancin mutum: hayaƙin bola da ake cinna wa wuta, na ƙunar daji, na janareto, na tsofaffin tireloli a titin Nnamdi Azikiwe, da ƙurar layukan unguwanni da aikin sabunta birni na 2019 bai kai gare su ba. Wannan kason na gida ne, kuma hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, na da ikon rage shi.

Masu asma da tsofaffi masu ciwon zuciya da jarirai ne ke fara jin jiki. Akwai kuma masu sikila, waɗanda sanyi da bushewar jiki ke tayar musu da ciwon ƙashi mai tsanani, a ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Iyayen irin waɗannan yara sun san kalandar hunturu fiye da kowane jami'i.

Wuta ita ce ta uku, ita ce kuma ta fi saurin kisa. Idan damshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katako da katifa da yadi sun zama makamashi, iska kuma na jiran tartsatsi. Mutane na shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga, gawayin da bai gama ci ba kuma na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya gudu. Wasu na jona hita a bokiti, a ɗauke wuta su manta, a dawo da ita cikin dare. Tsadar gas ta mayar da gidaje da dama kan itace da gawayi. Katsewar lantarki kamar ta Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Mando da matsalar wani babban layi suka jefa mafi yawan Arewa cikin duhu na kwanaki, na ƙara tura mutane ga kyandir da janareto.

Jerin gobarar rani a Arewa ya isa shaida. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone ranar 19 ga Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris na wannan shekara. A Maraɗi, ajujuwan zana sun kama da wuta a Nuwamban 2021, yara fiye da 20 suka mutu. A farkon Fabrairun 2025, gobarar dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara ta kashe almajirai aƙalla 17. Duk wanda ya san lungunan Panteka, inda katako da fenti da walda ke maƙwabtaka, ko ya ga yadda 'yan tebur suka toshe hanyoyin shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san gemun maƙwabci ya daɗe da kamawa.

Sanƙarau da siyasarsa

Kaduna na cikin yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Cutar na tashi ne a lokacin rani. Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne busasshiyar iska da ƙura na raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar da mutum ke ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba ta samu ƙofar shiga jini. Cunkoso a ɗaki rufaffe saboda sanyi na taimaka mata yaɗuwa, zafin Maris da Afrilu kuma ya kai ta ƙololuwa.

A 1996 annobar ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A wannan shekara ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, abin da ya bar tabon rashin yarda da rigakafi wanda har yau bai gama warkewa ba. Allurar MenAfriVac da aka fara a Najeriya a 2011 ta kusan kawar da nau'in A, sai nau'in C ya taso a ƙarshen 2016 daga Zamfara, ya kashe fiye da mutum 1,100 kafin damina ta sauka. A tsakiyar wannan annoba ne gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta cutar da zunuban jama'a, kuma a nan Kaduna, a taron zuba jari na Afrilun 2017, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani cewa aikin gwamna shi ne ya nemo allurar rigakafi.

Wannan musayar magana ta taɓa jijiyar matsalar. Muddin ana ɗaukar abin da hunturu ke jawowa a matsayin ƙaddara zalla, babu wanda za a tuhuma. Alhali a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na cutar. Kayan aiki sun samu. Abin tambaya shi ne ko cibiyoyin lafiya na matakin farko da jihar ta yi alƙawarin samarwa a mazaɓu 255 na da ma'aikacin da zai gane sanƙarau a rana ta farko, da hanyar aika samfuri ɗakin gwaji kafin makarantar kwana guda ta kamu.

Me ya sa ambaliya ke da kwamiti?

Kwatanta hunturu da damina na bayyana yadda siyasa ke zaɓar bala'in da za ta gani. Kafin ruwa ya sauka, hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, NEMA na rubuta wa gwamnoni, hukumar agajin gaggawa ta jiha na zagaya Kigo Road da Bashama Road da sauran unguwannin bakin Kogin Kaduna tana gargaɗi. Ko aikin bai gamsar ba, aƙalla akwai tsari, akwai wanda za a kira a rediyo a tambaya. Ambaliya na da hoto: gida a cikin ruwa, gwamna cikin kwalekwale, buhunan shinkafa a jere. Tana kuma da kwangila, ta magudanar ruwa da yashe kogi, da kuɗin Asusun Kula da Muhalli.

Hunturu ba shi da ko ɗaya daga ciki. Mamatansa ba sa taruwa wuri guda. Tsohuwa a Unguwar Dosa da numfashi ya gagara, jariri a Kurmin Mashi da ciwon huhu ya ɗauke, direban da ya afka wa tirelar da ta lalace ba alama a hanyar Zariya cikin hazo, kowannensu ana binne shi da sunan wata cuta ko wani hatsari, akasari kafin la'asar, ba tare da takardar shaidar mutuwa ba. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi. Waɗanda suka fi shan wahalarsa, wato almajirai da masu gadi da 'yan gudun hijirar da suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi, su ne kuma mafi ƙarancin murya. Almajirai ma ba su kai shekarun zaɓe ba. A 2020 gwamnonin Arewa sun nuna cewa suna iya ƙirga su da kwashe su a motoci cikin makonni idan sun ga dama, lokacin korona. A Mayun 2023 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Bargo da wurin kwana a watan Janairu har yanzu sun rage ga masu sadaka da ƙungiyoyin matasa da ke tara kuɗi a Facebook.

Ba kuma za a ce hunturu sharri ne zalla ba. Manomin alkama a Kadawa da Haɗeja na addu'ar sanyi ya daɗe, domin da shi alkama ke yin ido. Mai tumatir da albasa a fadamun Galma na son sa. Ƙurar kanta na ɗauke da sinadaran da ke ƙara wa gona ƙarfi, sauro na raguwa, hatsi na bushewa lafiya a rumbu. Babu mai neman a yaƙi iska. Maganar ita ce a raba abin da ba makawa da abin da sakaci ne.

Abin da ba ya buƙatar biliyoyi

Biranen da suka ɗauki irin wannan mataki ba duka masu arziki ba ne. Ahmedabad ta Indiya ta tsara shirin tunkarar tsananin zafi a 2013 bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa. Ginshiƙin shirin takarda ce da ta ce idan ma'auni ya kai kaza, wane ofishi ne zai yi kaza, da sunan jami'in da zai amsa tambaya. Delhi na da matakai huɗu na gurɓatar iska, kowane mataki da abin da ake dakatarwa, daga aikin gine-gine har zuwa shigar manyan motoci da zuwa makaranta. Delhi ba ta magance matsalarta ba, amma ɗan jarida a can na iya ɗaga takarda ya ce an kai mataki na uku, me ya sa ba a yi abin da aka rubuta ba.

Irin wannan takarda ce Kaduna ke buƙata. Idan NiMet ta ce ganin nesa zai faɗi ƙasa da mita 1,000, Ma'aikatar Ilimi na iya umartar makarantu su soke taron safe a fili, su jinkirta shiga aji da sa'a guda. KASTLEA da hukumar kiyaye haɗurra na iya janye motocin da suka lalace daga hanyar Kawo zuwa Mararrabar Jos kafin dare. KEPA na iya hana ƙona bola a kwanakin, da sharaɗin ta fara kwashe bolar. Shugabannin kasuwanni na iya kashe babban layin wuta da magariba, a kuma buɗe hanyar motar kwana-kwana. Asibitin Barau Dikko da na Yusuf Ɗantsoho na iya fitar da adadin masu matsalar numfashi mako-mako, domin a fara sanin girman abin. Garin da ke da Rediyon Tarayya tun 1962, da KSMC da tashoshi masu zaman kansu da dama, ba ya rasa hanyar isar da saƙo na minti ɗaya da Hausa bayan sallar isha, wanda zai ce gobe ƙura za ta yi kauri, kada a kwana da kasko a ɗaki.

Mafi wuya a ciki shi ne wurin kwana. Buɗe ajujuwa ko zaurukan unguwa ga masu kwana a waje a darare mafi sanyi na buƙatar yardar malaman tsangaya da masu unguwanni da limamai, yana kuma buƙatar gwamnati ta amsa cewa yaran nan suna nan, bayan ta sha cewa ta hana bara. Ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, su ne mafi kusa da wannan aiki, idan har kuɗin ya iso hannunsu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙarshen 2027 a matsayin wa'adin da kowane mutum a duniya zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa, shekarar da Najeriya ke zaɓe. A cikin tsarin nata, hasashe kashi ɗaya ne cikin huɗu; sauran su ne sanin waɗanda ke cikin haɗari, isar da saƙo gare su, da shirin ɗaukar mataki. Kasafin kuɗin Jihar Kaduna kan isa zauren Lugard Hall ne a ƙarshen shekara, a tsakiyar hazo, kuma ana wallafa shi a intanet. Mai son sanin matsayin gwamnatin Uba Sani kan hunturu na iya buɗe shafin hukumar kashe gobara, da na KEPA, da na hukumar lafiya a matakin farko, ya duba abin da aka ware, sannan ya nemi rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku ya ga nawa aka saki kafin watan Maris.